Gudun Arzika da Kekensa

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku labarin Arzika dillalin hatsi, wanda ya zauna a sabbin gidajen bayan garin Tambuwal, can ta hanyar Kebbe.

Tun yana saurayi Arzika a ƙasa yake bin kasuwanni, yau Jabo, gobe Sanyinna, jaki a gaba shi a baya, siriri kamar karan dawa. Da aka yanko jihar Sakkwato kuɗin mai suka shigo, ciniki ya buɗe masa. Ya sayi keke sabo fil, ya yi masa ado da tuntaye, ya rantse ƙafarsa ta gama da tafiyar ƙasa. Sannu a hankali ya ajiye tumbi. Duk wanda ya gan shi sai ya ce arziki ya karɓe shi.

Sai jiri ya fara ɗibarsa. Ran nan ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhuna, aka kai shi Sakkwato. Likita ya auna shi, ya ɗaure masa wani abu a damtse, ya ce jininsa ya hau, in ba a sauke tumbin nan ba wata faɗuwar ba zai tashi ba. Ya ce ya riƙa gudu kowace safiya.

Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, gudu? Wa ka korata?"

"Ba kowa. Ka dai yi gudun."

"In tai ina?"

"Ko'ina. Ka je ka dawo."

Har ya iso gida bai gane ba. A saninsa magidanci ba ya gudu sai da dalili: gobara, ko ɓarawo, ko mahaukacin kare. Wanda ya ruga ba dalili kuwa, sunansa a gari ɗaya ne, kuma ba mai kai masa hatsinsa dillanci. Amma faɗuwar nan ta ba shi tsoro.

Washegari bayan sallar asuba ya naɗe riga ya sheƙa hanyar Kebbe. Masu tallan nono suka hango shi, suka dire ƙore suka bazama daji. Manoma suka biyo shi da fartanyu suna ihun ɓarawo. Kafin ya ankara jama'a sun wuce shi da gudu, shi ne na baya, yana haki. Da suka tsaya suka tambaye shi ina ɓarawon, sai ya nuna gabas. Aka yini ana nema.

Matarsa Sauda ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Maigida, gobe ka hwaɗa mini da wuri in kulle awakina."

Ya kwana biyu yana tunani, ya samo dabara. Mutumin da tayar kekensa ta sace, in ya tura shi da sauri ba mai cewa ya haukace. Da safe sai ya sace iskar da kansa, ya kama ƙahon keke, ya yi ta sassarfa.

Ai kuwa ya manta da kirkin mutanen unguwa. Bai yi nisa ba wani ya tare shi da famfo ya cika masa taya, dole ya hau ya yi godiya. Washegari maƙwabcinsa Ladan, wanda ya sayi babur a shekarar, ya tsaya ya ce, "Haba Arzika, da girmanka? Hau in kai ka!" Ya goya shi har rumfar Ɗan'iya mai faci, keken a kafaɗa.

Ɗan'iya ya zare tub, ya hura, ya tsoma a ruwa. Ko kumfa ɗaya. Ya mayar. Gobe aka sake kawowa, ya sake tsomawa. Jibi ma haka. Ya tura hula ƙeya ya ce, "Baba Arzika, ni dai tunda nika faci ban ga irin wanga ba. Babu huda, iska na hita. Wanga ba aikina ba na, aikin malamai na."

Kafin azahar magana ta zagaye unguwa: an yi wa keken Arzika sammu. Masu kawo masa hatsi suka fara ja da baya, don ba mai son buhunsa kusa da abin da aka jefa. Ladan ya ce a ƙona keken kowa ya huta.

Nan Arzika ya ga ba mafita. Bayan la'asar, a gindin darbejiyar da dattawa ke zama, ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: shi ke sace iskar, likita ne ya ce ya yi gudu.

Ladan ya ce, "To kai mi kaka ɓoyo? Ashe magani na! Da allura anka ce sai ka ɓoye muna?" Dattawa suka ce gaskiya ne, magani ba abin kunya ba ne. Suka yi masa sannu, suka ce Allah ya ba da lafiya.

Daga ranar Arzika ya samu hanya. Yana gudu, Ɗan'iya na biye da shi a kan keken, riƙe da babbar rigarsa, yana daka wa yara tsawa: "Ku kauce, marar lahiya na!" Masu hatsi suka dawo.

Sai dai kun san mu, ba a zuwa dubiya hannu sake. Yana dawowa zai tarar da zaure cike. Wannan gida sun aiko fura da nono, wancan tuwo da man shanu na malala, Ladan ya yanka masa zakara. Mai dubiya kuma ba ya tashi sai ya ga an ci. Arzika ya ce likita ya hana, aka ce wane irin likita ne zai hana majinyaci abinci? Sauda ta raɗa masa cewa mayar da akushi cike cin fuska ne. Ya ci. Da safe ya yi gudu, da hantsi ya ci, har damina ta wuce.

Da ya koma Sakkwato, likita ya ɗora shi a ma'auni, ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Nauyi ya ƙaru.

"Malam Arzika, ka yi gudun kuwa?"

"Wallahi kullum, ranka shi daɗe. Unguwa duk shedu na."

Likita ya ce to ya ƙara nisa. Arzika ya fito ya zauna a bakin asibiti, ya dafe kai. In ya ƙara nisa, mutane za su ce ciwo ya tsananta, akussa su ninku. In ya ce ya warke, dubiya ta tsaya, amma gudun ya koma na mai lafiya ƙalau, wanda ba shi da dalili.

To ku da kuke zaune, in ku ne Arzika, me za ku faɗa wa Ladan da ya zo tarbarku a tasha?