Mutumin da Sanyi Ya Ƙone

A tashar motar Rano, shekarar samun 'yancin kai, ga wani baƙo zaune kan akwatin ƙarfe yana shan fura. Dogo ne siriri, mai kama da Fulani, kakinsa duk baƙin mai. An ce daga Kano ya zo gyaran firjin asibiti, inda ake ajiye maganin allura.

Hannunsa na dama nake kallo. Yatsu biyu suka rage, da su yake maƙale ludayi, fatar kuwa fari fat har wuyan hannu.

Wani manomi daga Fammar, Malam Gwadabe, ya matso ya gaishe shi.

"Ɗana ne ya nace sai ya tafi Kano koyon aikin nan naku. Akwai ci gaba kuwa?"

"Akwai, Malam. Turawa suna tafiya, injinan sanyi kuwa suna nan. Banki da asibiti duk nemanmu suke."

"To, hannun fa? Wuta ce?"

"Sanyi ne. Ina koyo bututun firji ya fashe, iskar sanyin da ke ciki ta feso mini."

Salati ya kuɓuce mini. Sanyi ya cinye yatsun mutum, a ƙasar nan tamu! Ina jin da hannun nan ya tashi yana riƙe sandar kiwo, yanzu ko ya koma ruga ba zai iya ba.

Gwadabe ya ce, "Ɗan nan shi kaɗai ke gare ni."

Baƙon ya ajiye ludayin. "Ni ma ni kaɗai ne wurin babana. Duk da haka, ka bar shi ya tafi."