Ranar da Madam Akosuwa Ta Ci Abincin Gari Uku

Tashi daga Talata Mafara

Ana sallame Asuba direbanmu Sani ya tsaya a ƙofar gidana. A bayan motar ga baƙuwar da aka haɗa ni da ita, Madam Akosuwa, 'yar Gana. Wata ƙungiyar tallafi ta ƙasashen waje ce ta turo ta, ta koya wa manoman rani na dam ɗin Bakolori yadda ake tantance albasa a zuba ta a buhun raga, don ta tsallaka iyaka ba ta ruɓe ba, ta kuma haɗa su da masu saye a ƙasarsu. Ni tsohon malamin gona ne, aikina tafinta.

Sharaɗin masu tallafin shi ne Mafara da Bakura da Maradun su shiga tare, domin albasar gari ɗaya ba za ta riƙa cika tirela ba. In ɗaya ya janye, shirin ya koma wata jiha. Ni kuwa na gaji da ganin albasar mutanenmu tana tsiyayar ruwa a rumfa, har da ta ƙanena.

Bakura

Mun isa da hantsi, bayan 'yan sanda sun leƙa motar a mararraba sun ɗaga mana hannu. Shugaban manoma, Malam Ummaru, dattijo mai kaifin ido, ya tara jama'a a zaurensa. Gaisuwa kaɗai ta kusa gajiyar da baƙuwa. Sai ga kwanuka: waina da miyar taushe, fura da nono, har da zabi.

Madam ta yi murmushi ta ce in gaya musu ta gode, amma dokar aikinta ta hana ta karɓar komai daga waɗanda za a tallafa wa. Na fassara ina lanƙwasa maganar iya ƙoƙarina.

Malam Ummaru ya mayar da murfin kwano a hankali. Ya ce da ni, "Malam, wadda ba ta cin abincinmu, ƙaƙa za mu ba ta amanar albasarmu? Ku gaida gida."

Ko bayanin buhun ba a saurara ba. Na fito ina jin haushinta da haushin kaina.

Hanyar Maradun

Muka juyo, muka ratsa Mafara, muka bi gefen magudanan ruwa, gonakin shinkafa kore shar. Ni dai ban ga kyansu ba. Da na kasa haƙuri na gaya mata gaskiya: a wajenmu wanda ya sa hannu a kwanonka ne kake iya sakin jiki da shi a ciniki. Ta ce an kafa dokar ne don kada wani gari ya ce an fifita wani saboda ya ciyar da ita.

Sai Sani ya ce, "To ta ci na kowa mana. Wa zai ce an fifita wani?"

Na fassara. Sai ta buga wa shugabanta waya. Sun daɗe suna muhawara, ni ina ta salati a zuci. Da ta kashe ta ce an yarda da abinci, ban da tsaraba, kuma lallai ta ci a ko'ina.

Maradun da Mafara

A Maradun tuwon shinkafa aka kawo da kifin dam. Ta wanke hannu ta ci kamar 'yar gida, barkono na sa ta hawaye, mata na leƙe suna dariya. Kafin La'asar sun amince. Mutanen Mafara kuwa labari ya riga mu isa gare su, suka tarye mu da dambu da soyayyen nama, wai kada Maradun ta fi su, su ma suka amince. Ni ma ba a ƙyale ni ba, tafinta ai ba ya zama yana kallo.

Bakura kuma

Rana ta yi ja muka sake tsayawa a ƙofar Malam Ummaru. In ya ƙi fitowa shi ke nan. Ya fito, ya dube mu, bai ce mu zauna ba.

Madam ta rusuna ta faɗi Hausar da na koya mata a mota: "Baba, ina jin yunwa."

Allah ya sani ƙarya ce, numfashi ma da ƙyar take yi. Dattijon ya dube ta, sannan ya juya ya ɗaga murya, "Ku ɗumamo miyar ga, baƙuwarmu ta dawo!"

Ta ci waina, ta sha fura, zufa na keto mata. Ya jira sai da ya ga ta suɗe hannu. Sannan ya gyara zama ya ce, "To ɗiyata, yanzu gaya muna, wace irin albasa mutanenku ka so?"

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Gida

Mun shigo Mafara bayan Isha'i, Madam na barci a baya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Sani da mutanen garuruwan nan uku. Ina shiga gida na tarar da ƙanena a zaure yana jirana, bai ko tsaya gaisuwa ba ya ce, "Yaya, mi anka yi?" Na ce ya je ya fara ware manyan albasarsa daga ƙanana, bana tirela za su hau.