Yajin Saude Kafin Ruwa Ya Ci Hanya

A ƙauyensu, can bayan Kirikasamma, ba sai an dubi sama ake sanin ruwa ya kusa cin hanya ba, Saude ake duba. Ranar da aka ga ta ɗaure ƙunshinta ta nufi bakin titi, sai mata su ce, "To, a kwashe shanya, Saude ta yi yaji."

Dariya suke yi, amma kowa ya san dalili. Mijinta Haladu masunci ne mai saurin hannu, kuma tun da ciyawar kacalla ta toshe rafuka kifi ya ja baya, hannun nan ya ƙara nauyi. Da rani da sauƙi, in ya fara tana da ƙafar gudu. Amma in kogi ya cika ya malale fadama, ƙauyen ya zama tsibiri, ba mafita sai jirgi, jirgin kuwa na Haladu ne. Saki ya rantse ba zai yi ba. Alƙali ya ce ta kawo shaidu, to wa zai yi shaida a kan mai jirgi ɗaya tilo a gari?

Sai ta nemo wa kanta dabara. Takan yi yaji kafin ruwa, ta zauna a Haɗeja wurin goggonta 'Yar'azumi tana taya ta sayar da banda. Duk bikon da Haladu ya aiko, tsohuwar ta karɓi goron ta ce "sai gobe", har hanya ta rufe. In ruwa ya janye ta koma. Da wannan Saude ta yi shekaru tana tsira da ranta.

Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, Dibora 'yar Malam Filibus, malamin firamare, ta zo Haɗeja koyon aiki a wani ofishi mai kula da matan da maza ke duka. Ɗaliba ce, makaranta ta turo ta na 'yan watanni. A kasuwa ta hango kumburin idon Saude, ta bi ta har gida, ta kai ta asibiti, ta zauna ta saurare ta har ita ma ta yi hawaye. Tun da Saude take, ba wanda ya taɓa tambayarta inda ke mata ciwo. Ta faɗa mata komai, ban da dabarar, don tana jin kunyar gaya wa mai ilimi cewa da ruwan kogi take auna aurenta.

Ita kuwa Dibora, abin da aka koya mata shi ne aiki bai yi kyau ba sai an kai ga sulhu. Ta sa aka kira Haladu da wakilin dagaci. Haladu ya durƙusa ya yi rantsuwa, har da sharar ƙwalla.

Saude ta ja Dibora gefe ta ce, "Malama, a bari ruwa ya janye tukuna."

"Yaya Saude, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In na koma makaranta, wa zai tsaya miki?"

Saude ta dubi goggonta. Tsohuwar ta sunkuyar da kai, don ba a ce wa hukuma "sai gobe". Motar da ta mai da Saude ita ce ta ƙarshe da ta bi hanyar nan a daminar.

Da ruwa ya janye ta shigo Haɗeja da hannun dama a shanye, karayar da Haladu ya yi mata ba a ɗora ba. Ta zo wa Dibora da banda mai kyau, aka ce ta koma makaranta, har an yaba mata a kan wannan sulhu. Saude ta ce, "Allah sarki, yarinyar kirki ce." Kuma har zuciyarta ta faɗa.

Goggo ta ce, "'Yar nan, an yi sulhu gaban hukuma. In na sake karɓarki, ni ce mai kashe aure."

Da hadari ya sake haɗowa, Saude ta ɗaure ƙunshinta da hannu ɗaya da haƙori, ta fita bakin titi. Mata suka kwashe shanya. Mota ta tsaya, direba ya ce, "Haɗeja?" Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki ƙunshin ta koma gidan Haladu.