Rairayi a Cikin Riɗi

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ƙamshin nan ya tono mini. Maƙwabta ne ke soya riɗi, ni kuwa in na ji shi a kasko, sai in ganni a tsakar gidanmu na Ɗanzomo, a gefen kakata ta wajen uba, wadda muke ce wa Iya.

Kin san ƙasarmu rairayi ce. In an yanke riɗi an kakkaɓe shi, duk kulawar mutum sai fararen ƙwayoyin rairayi sun bi shi. A ruwa ake rege shi, amma wanda ya tsira sai ido. To idon unguwarmu Iya ce. Takan zauna a inuwar darbejiya da faifai a cinya, yatsunta na gudu kamar kaza na tsattsaga. Kantun riɗin da take yi, fataken da ke zuwa kasuwar Maigatari har saƙo suke aikowa a ajiye musu.

Wata shekara Baffa, yayan babanmu, ya gatsa kantu, muka ji ƙaras. Ya tofar da rairayi a hannu. Aka sake, aka kuma.

Iya ta ce idonta ne. Sai Baffa ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga hannu.

"Iya, yatsu nawa?"

"Uku, ja'iri. Ga hularka ma a karkace."

Aka yi dariya, aka yanke cewa idonta lafiya lau, tsufa ne ya fara taɓa mata hankali. Mai ganin raƙumi tun daga bakin gari, ina za a ce ba ta gani?

Da yamma ina tsefe mata kai, ta ce da ni a hankali, "Ba duhu nake gani ba, 'yar nan. Baƙi a kan fari ina ganinsa. Fari a cikin fari ne ke shigewa cikin ɗan'uwansa, kamar an zuba nono a koko."

An gwada mata kwalli, an ɗiga mata zuma. A lokacin tabarau ɗaya ne a unguwarmu, na wani tsohon tela, shi ake arowa duk wanda ido ya dama, kamar yadda ake aron turmi. Iya ta saka, riɗin ya ƙara girma amma yana nan a dame, ga ciwon kai. Aka ce ai kun gani, har tabarau bai yi ba, to ba ido ba ne. Matan gida suka karɓi faifan. "Ki huta, Iya, kin yi naki." Ta huta ɗin. Ta koma zama a ƙofar ɗaki tana murza gefen zaninta da yatsu, har Allah ya karɓi abinsa.

Bana nawa ciwon idon ya zo. Farar allura a kan tabarma, matakalar siminti da magariba, duk suka fara ɓace mini. Ɗana ya kai ni asibiti a Gumel. Manyan baƙaƙen zanen da ke bango na faɗe su tsaf, har na ji tsoron a ce ƙarya nake. Amma mai duba idon ya yi ta sauya mini gilasai, ya ce ƙirar idona ce ba ta tara haske wuri ɗaya, shi ya sa bakin kowane abu ke narkewa, kuma abin da launinsa ya yi kusa da na wurin da yake, shi ke fara ɓacewa. Ya ce kowane ido da nasa awon, na wani ba ya yi wa wani. Ina zaune a kujerar nan, Iya kawai nake tunawa. Ashe hankalinta ƙalau ta tafi.

An yanko mini nawa tabarau, da rana ina gani, alhamdulillahi. Sai dai kafin ya iso, an riga an ji ƙaras a miyata. Jiya na jawo faifai, matar ɗana ta durƙusa ta zare shi daga hannuna. "Haba Umma, muna nan ki wahala?" Na nuna mata tabarau a fuskata, ta yi murmushi, ta tafi da shi madafa.

Yarinyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Amma ke da kika fi ni yawon duniya, kin taɓa ganin an mayar wa tsohuwa aikin da aka karɓe mata da ladabi?