Abin da Na Ɓoye wa Likita Game da Garejina

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a wannan shafi ba. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, su yi mini afuwa. Ciwo ne ya riƙe ni, kuma sai yanzu na ga zan iya tsara bayaninsa yadda ya kamata.

Bayan na yi ritaya daga koyar da lissafi, mun koma Pleasant Garden ni da matata, Hajiya Rabi. Maƙwabcinmu, wani dattijo Ba'amurke mai farautar barewa, shi ya koya mini harhaɗa harsashi a gida, abin da doka ta yarda da shi a nan Amurka. Bindigata tsohuwa ce, harsashinta yana wuyar samu. Saboda haka nakan tara kwanson harsashin wata bindigar daban wanda aka riga aka harba, in goge shi a inji, in matse wuyansa, in datse tsawonsa har ya dace da tawa. Farautar ba ta dame ni ba. Awon nake so. Kowane kwanso sai na auna shi sau uku.

Da gajiya abin ya fara. Sai ciwon ciki da taurin bayan gida, sai ɗanɗanon ƙarfe a baki. Sai faɗa. Na yi wa Hajiya tsawa a kan cokali, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba.

Wata rana na auna kwanso, na ɗauki biro in rubuta lambar, na tarar ta fice daga kaina. Na sake aunawa. Ta sake ficewa.

Mahaifina da ruɗewar tsufa ya rasu, bai san sunana ba. Na ce a raina, tawa ta zo.

A asibiti an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a cikin injin nan mai ƙara. Aka karanta mini kalmomi biyar aka ce in riƙe. Biyu na riƙe. Inshora ta ɗauki mafi yawan kuɗin, amma ragowar bai yi wa ɗan fansho daɗi ba.

Sau biyu ana ba ni takarda mai tambayar abin da nake yi a gida. Sau biyu ina rubuta karatu da lambu. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Da suna irin nawa da hula irin tawa, ban ga yadda zan rubuta kalmar harsashi a takardar asibiti a ƙasar nan ba.

A zuwa na uku, likitar, wata mace mai haƙuri, ta ce jinina ya yi ƙasa kuma ba ta gano dalili ba. Ta ce, “Akwai abin da kake yawan taɓawa? Fenti, ƙarfe, ƙura?”

Na ce babu.

Hajiya 'yar Damagaram ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta juyo gare ni da Hausarta mai ɗan gauraye da Faransanci. “Bon, Malam, za ka faɗa, ko in faɗa da Turancina na kasuwa?”

“Hajiya, ki bari.”

“Na bari wata biyar. Kai kana kunyar likita, ni in zauna ina jiran ranar da za ka tambaye ni ko ni wace ce?”

Na faɗa. Likitar ko gezau ba ta yi ba, ta ce ƙanenta ma yana yi. Abu ɗaya ta tambaya: “Kana cin wani abu a wurin aikin?”

Na ce a'a, in ban da goro.

Ba ta san goro ba. Hajiya ta ciro ɗaya daga jakarta, ta nuna mata yadda nake ɓare shi da farce.

Aka sake gwada jinina, sakamako ya fito bayan kwana uku: gubar dalma. Kwanson da aka harba yana ɗauke da ƙurar dalma, injin gogewa yana tayar da ita a rufaffen gareji, ni kuma ina kai ta baki da yatsuna kullum. Ni da ba na ajiye ma'auni sai na goge shi da ƙyalle, ban taɓa tunanin wanke hannu kafin goro ba.

An gwada Hajiya ita ma. Jininta lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na tambayi likita, “Hankalina zai dawo?” Ta ce, “Mafi yawansa, in ka yi haƙuri. Ba zan yi maka alkawarin duka ba.”

Na sha ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk bayan mako biyu a ɗebi jini. Maƙwabcina ya kwashe kayan aikin, aka wanke garejin da ruwa, sannan shi ma ya je aka gwada shi.

Sauƙin a hankali ya zo. Hannuna na dama har yanzu yana ɗan rawa. Amma ranar Juma'ar da ta wuce na ja Suratul Mulk da ka daga farko har ƙarshe, Hajiya tana biye da Alƙur'ani a hannu tana jiran kuskure. Da na idar ta rufe, ta share ido, ta ce, “Maddi ɗaya ka gajarta, amma na yafe.”

Ina godiya ga Allah. Ina godiya ga 'yan'uwa na masallacinmu da ke East Greensboro, waɗanda suka yi ta karɓa-karɓar kai ni asibiti ba tare da sun tambaye ni komai ba.

Ga masu harhaɗa harsashi a gida: ku buɗe ƙofa, ku sa safar hannu, kada ku ci kada ku sha a wurin, ku canza tufafi kafin ku shiga gida, ku nemi gwajin dalma ko da kuna jin ƙalau.

Ga sauran jama'a: ku faɗa wa likita abin da hannuwanku suke yi, ko da faɗarsa tana da nauyi. In kuma kun san halinku irin nawa ne, ku tafi asibiti da wanda ba ya jin tsoronku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.