Kindirmon Inna Shatu

Duk wanda ya taɓa shan fura a bakin tashar Roni ya san Inna Shatu. Ni maƙwabciyarta ce, kuma wallahi ban taɓa ganin mace mai bin ƙwaƙƙwafi irinta ba. Komai sai ta buɗe ta ga cikinsa.

Kindirmonta kuwa, kullum takan rage ɗan na jiya ta zuba a dafaffiyar madara, shi take kira iri. Tun daga hannun mahaifiyarta irin nan bai yanke ba.

Bara mijinta, Malam Maikasuwa, ya fara mantuwa. Da fari hula ce, sai hanyar masallaci. Ranar da ya dube ta ya ce, “Baiwar Allah, wa kike nema?” a ɗakina ta yi kukanta.

Ɗansu ya sayo wani maganin kafso a Kazaure, wai yana gyara hanji, har ƙwaƙwalwa ta amfana. Inna ba ta yarda ba sai da ta hau acaɓa ta je wurin wata mai kemis da ake kira Happiness.

“Mama, ƙananan halittu ne masu rai, dangin na kindirmo,” in ji Happiness. “Zancen ƙwaƙwalwa kuwa ana kan bincike, ba a tabbatar ba.”

“Masu rai? A cikin wannan ɗan abin?”

Ai fa shi ke nan! Tana dawowa ta fasa kafso ta juye garin a madara maimakon iri, wai ta ga ko da gaske suna da rai. Na ce, “Inna, kya ɓata madara a banza!” Ko kallona ba ta yi ba.

Da safe ga nono ya kama. Har guɗa ta yi. Ta dama fura da shi ta kai wa Malam.

Ya kurɓa ludayi ɗaya, ya ture ƙwaryar.

“Wannan ba nonon Shatu ba ne. Ina Shatun ta tafi?”

Tana tsaye a gabansa fa. Ni na kasa ɗaga kai. Ita kuwa ɗaki ta faɗa da sauri, ashe ta ɓoye irinta a ɗan kwano, shi ta ɗauko ta zuba a sabuwar madara.

Maganin dai ta ci gaba da ba shi da ruwa, ba mu san ko yana aiki ba. Washegari ta kawo fura da nonon irinta. Malam ya sha, ya sake sha, ya goge gemu.

“Yauwa,” ya ce mata. “Ki gaya wa Shatu na ji ta dawo.”