Yaye a Sama

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta 'yan Ghana a Modena, can Turai, ya san Maame Dufie, in ma bai san sunanta ba ya san hannunta na hagu. Hannun nan ba ya miƙewa. Ko a coci take tsaye za ka gan shi lanƙwashe a ƙirji kamar tana riƙe da wani abu. Likita ya ce sanyin ƙashi ne. Ni Afrakoma, da na yi shekara goma sha ɗaya muna girki a murhu ɗaya da ita, na san 'ya'yan mutane ne suka mai da shi haka.

'Yar Berekum ce kamar ni. Ta yi shara a masana'antar tayil har bayanta ya ƙi, sai ta koma fatauci, ta kai takalma gida ta dawo da busasshen kifi. Tana da 'ya ɗaya a Sunyani, malamar asibiti, amma ba ta cika zancenta ba. Wata rana wata yarinya ta roƙe ta ta kai mata jaririya wurin kaka, tunda hanya ɗaya ce. Daga nan shi ke nan. Duk wadda ta haihu aiki ya hana ta reno, sai a ce mata, "Je ki ga Maame Dufie." Jarirai talatin da takwas ta sauke a Accra, ba wanda ya isa da ko mura, kuma ba ta gajiya da faɗi.

Shekara goma sha tara rabonta da cin abinci mai zafi a jirgi, don ba ta da cinyar ɗora tire. Ba ta ba jariri madara a ɗakin jira ko zai tsaga rufi da kuka. Sai jirgi ya fara gudu zai tashi ta sa masa kwalba a baki, haɗiyar ta hana kunnensa ciwo. Dokokinta biyu ne. Saura mako biyu tafiya a daina ba da nono, yaro ya saba da kwalba. Sannan a kawo zanen da uwa take kwana da shi, kada a wanke.

Na talatin da tara shi ne Kwabena, ɗan wata biyar. Uwarsa Boatemaa tana kula da wata tsohuwar Baturiya, a gidan take kwana, 'ya'yan tsohuwar kuma sun ce ta zaɓa, ko aiki ko goyo. Ni jana'izar kawuna za ni, tsautsayi ya haɗa mu jirgi ɗaya. Ban taɓa haihuwa ba, kuma gaskiya kukan jarirai yana tsaya mini a ƙahon zuci. Na sa farar rigar leshi sabuwa dal, don 'yan Berekum su san ba wasa na zo yi Turai ba.

A filin jirgin Bologna da safe, Maame Dufie ta duba takardun yardar iyaye, ta ɗago ta dubi Boatemaa.

"'Yata, ya saba da kwalbar?"

"Ya saba, Maame."

"Zanen fa?"

"Yana cikin jaka."

Boatemaa ta miƙa yaron. Da ta rasa wanda za ta kama, tunda hannun Maame a cike yake, sai ta faɗo kaina ta ƙanƙame ni, tana kuka ba sauti. Da kyar na ɓamɓare ta. Muna wucewa na ji sanyi a ƙirjina, na duba, ga tabo ya jiƙa min leshi. Takaici ya kama ni. Na ja mayafi na rufe, na ce a raina hawaye da majina ne.

Jirgin farko zuwa Brussels gajere ne, Kwabena barci ya yi abinsa. A na biyu, mai awa bakwai, aka fara. Jirgi na soma gudu Maame ta sa masa kwalba, ya ture robar da harshe, ya banƙare, ya tsala ihu. Ba ta damu ba. Ta ce in ciro mata zanen. Na ciro shi a ninke tsaf, an goge shi har da kari. Ta kai hanci, ta rufe ido.

"Ta wanke."

"To laifi ne?"

"Don kada surukarta ta ce ƙazama ce. Sabulu ne uwarsa, Afra? Sabulu zai gane?"

Ta gwada cokali, ya furzar. Ta tsoma yatsa a madara ta shafa masa a leɓe, ya kau da kai. Ma'aikaciyar jirgi, Allah ya saka mata, ta kawo ruwan zafi sau uku aka sake ɗumama kwalbar. Maame ta goya shi ta yi ta safa da marwa tsakanin kujeru, daga bakin banɗaki zuwa labule, ƙafafunta sun kumbura har ta cire takalmi. Aka kawo abinci aka kwashe, ko kallonsa ba ta yi ba. Ni na ci nawa, na ci nata, ba zan ɓoye ba.

Wani mai ƙaton tumbi a bayanmu ya gaji, ya leƙo.

"Haba Madam, ki ba shi nono mana mu huta!"

"Ɗan'uwa, shekarata hamsin da takwas. Na ga kai naka sun fi nawa cika, zo ka taimaka."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Wajen awa ta biyar kukan ya canza, ya zama siriri kamar na ɗan kyanwa. Ni har na ji daɗi, na ɗauka ya gaji ne. Maame ta taɓa famfas ɗinsa, a bushe tun Brussels. Ta duba leɓensa. Ta ɗora yatsu biyu a maɗigarsa ta daɗe ba ta ɗauke ba. Tun asuba ba abin da ya shiga cikin yaron nan, ga sauran awa biyu, ƙarƙashinmu kuma hamada ce. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, kuma tsoronta ya fi kukan tayar min da hankali.

Gumi ya karyo min, na yaye mayafin ina fifita.

"Yarinyar nan dai ta cuce mu yau. Dubi ma yadda ta ɓata min riga."

Maame ta dubi tabon, ya bushe ya yi rawaya-rawaya. Ta sunkuyo ta shinshina ƙirjina a gaban jama'a.

"Maame, lafiya?"

"Wannan ba hawaye ba ne. Nono ne. Ko kwana ɗaya ba ta cire shi ba, maƙaryaciyar banza." Muryarta ta karye. "Wa zai iya? Ungo shi."

"Ni? Ban iya ba!"

"Ba ke yake so ba, kada kanki ya kumbura. Rigar yake so."

Ta kwantar min da shi a hannun hagu, ta manna kumatunsa a kan tabon. Ya yi tsit. Ya fara goga hanci, yana buɗe baki yana nema. Ta zuro kwalbar a hankali ta gefen hammatata, robar ta taɓa leɓensa. Ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya kama.

Na ji haɗiyarsa a jikina, ɗaya bayan ɗaya. Maame ta ce in na motsa sai ta kashe ni. Awa biyu ban motsa ba, ga fitsari ya matse ni, hannuna ya mutu tun daga kafaɗa. Ya shanye, aka ƙara masa, ya jiƙa famfas har ya taɓa min zane. Maame ta jingina kai a kujera ta yi barci baki buɗe. A shekara goma sha tara, in ji ta, ranar ta fara runtsawa a jirgi.

Da magariba muka fito. Kakar yaron, Nana Pokuaa, ta taso tun daga Berekum da ɗan kwanon koko a jaka. Kafin mu gama gaisawa wayar Maame ta yi ƙara, Boatemaa ce.

"Maame, ya sha?"

"Ya sha."

"Bai yi gardama ba?"

Na zaci za ta wanke ta tas. Sai ta ce, "Ya neme ki har tsakiyar hamada. Je ki shafa ruwan ɗumi a ƙirjinki, ki kwanta." Ta kashe wayar.

Ta tura ni banɗaki na cire leshina, na fito da wata tsohuwar rigarta mai warin kifi. Haka na shiga ƙasata bayan shekara shida. Ta ninke rigar leshin ta damƙa wa Nana Pokuaa.

"Nana, in za ki ba shi madara ki yafa wannan. Kada ruwa ya taɓa ta."

Tsohuwar ta juya rigar tana yamutsa fuska. "Har yaushe zan ajiye wannan dauɗar?"

"Kwana huɗu. Ran na biyar ƙanshin ya tafi, shi ma ya daina nema."

"Ke kuwa ta ina kika ƙirga?"

Maame Dufie ta saɓa jakarta a kafaɗa. Hannunta na hagu yana nan a lanƙwashe, ba kowa a ciki.

"Ba ni na ƙirga ba, Nana," ta ce. "Uwata ce ta ƙirga min da na bar mata 'yata, shekara ashirin da bakwai ke nan."